Tambayi Injiniya: Huluna Na Sito, Leburori Na Kan Dekin

Jama'a, assalamu alaikum. Kaka ta yi, an sayar da masara da waken suya, kuɗi sun shiga hannu. A nan Zariya, daga Dogarawa har Bomo, duk inda ka ratsa ƙarar injin kwaɓa kankare kake ji. Wasiƙun wannan watan ma can suka karkata, kusan duk a kan haɗari ne a wurin gini. Na taƙaita masu tsawo, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina da kwangilar bene a wajen Palladan. Na kashe kuɗina na sayo hular kwano da takalma da safar hannu na raba wa leburori. Kwana biyu suka sa. Yanzu huluna na jibge a sito, wasu an mayar da su abin ɗiban ruwa, takalma kuma an sayar da wasu. Makon jiya ɓallin bulo ya faɗo wa wani yaro a ka, sai da aka yi masa ɗinki. Don Allah ka gaya wa jama'a gaskiya, matsalar daga leburori take, ba daga mu ba. (Ɗan kwangila, Sabon Gari)

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka sayi kayan, da yawa ko wannan ba sa yi. Allah kuma ya ba yaron lafiya. Amma hukuncin da kake so in sa wa hannu, ba zan sa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maganar taka tsohuwa ce. Tun a 1931 wani Ba'amurke, Herbert Heinrich, ma'aikacin kamfanin inshora, ya bi rahotannin haɗurran wuraren aiki ya fito da lissafin cewa kashi 88 cikin 100 gangancin ma'aikaci ne, kashi 10 lalacewar kaya ko wurin aiki, sauran 2 kuma ba yadda aka iya da su. Har gobe ana karanta wannan lissafi a ajin koyon gini. Abin da masu suka suka daɗe suna nunawa shi ne, irin waɗannan rahotanni shugabannin aiki ne ke cike su. To wane helma ne zai ɗauki biro ya rubuta cewa shi ya ce a yi sauri?

Ban ce babu ganganci ba. Na ga mai dirowa daga kan linta don ƙyuyar bin tsani. Na ga mai cilla wa ɗan'uwansa guduma daga ƙasa zuwa hawa na biyu. Na ga mai yawo a bakin dekin, waya a kunne, yana rigima da budurwa. Katako mai ƙusa a tsaye kuwa, a yar da shi a kan hanya, wannan abin kullum ne. Duk akwai. Amma zo mu tsaya a wurin aikinka ranar zuba dekin mu gani da idonmu.

Dekin mai tsawon mita 10, faɗin mita 10, kaurin inci 6, yana cin kankare kubik mita 15. In da kwano za a hau da shi, ya haura kwano 800, kowanne ya fi kilo 30. Ka yi jinga da shugaban leburori a kan kuɗi kaza, a gama yau, tunda injin haya ne kuma ba a so zubin ya kwana a yanke. Shi kuma ya rage hannu don rabon ya yi kauri. Yanzu gaya mini, mutumin da ya naɗa gammo ya ɗora kwano a ka, a ina zai sa hular kwano? Aikin da ka ba shi ne ya hana shi sa abin da ka saya masa. Takalman kuma na san lamba ɗaya ka ce a zubo maka, manya, don su shiga kowa. Yaro mai ƙaramar ƙafa ya zura lamba 45 ya hau jiƙaƙƙen katako da gudu? Ya fi ka sanin abin da zai kayar da shi, shi ya sa ya koma wa silifas ɗinsa.

Ni daga hanyar da lebura zai bi nake farawa, kafin in zo kan abin da zai sa a jiki. Gadar katakon hawa ta zama biyu, ta hawa daban, ta sauka daban, domin karo a tsakiyar gada shi ke zubo da mutane. Faɗin kowace kada ya gaza katako uku. A buga mata 'yan sanduna a gicciye don ƙafa ta sami abin kamawa, a yi mata abin riƙewa ta gefe, a ajiye yaro ɗaya aikinsa kawai share abin da ke zuba a kanta. Bakin dekin da ramin matakala a kewaye su da katako ko gora tsayin mita ɗaya, a kuma kafa katako a kwance ta ƙasa don ya tare bulo da cokali kada su gangaro. Da akwai wannan katakon, ɓallin da ya fasa kan yaronka da yana nan a sama har yau. Ƙarƙashin inda ake aiki a ja igiya, ba mai bi. Rodin da aka bari a tsaye don ci gaban fila a lanƙwasa kansa ko a kifa masa wani abu, domin faɗuwar da za ta tsaya a targaɗe, in a kan rodi aka yi ta, gawa ake ɗauka. Katakon da gorar duk suna cikin kayan kafintanka, aikin rabin yini ne.

Sai a zo kan kaya. Hula ta birkiloli ce da kafintoci da masu ɗaurin rodi da masu aiki a ƙasa, da duk wanda ba kaya a kansa. Takalmi a saya kowa da lambarsa. Kada ka raba a tafi da su gida; a karɓa da safe, a mayar da yamma kafin a biya kuɗin yini. Wanda ya ƙi sawa a gaya masa sau ɗaya, na biyu a sallame shi ranar a gaban kowa, labarin zai riga ka isa bakin titin da suke taruwa da asuba. Kuma kai ma ka sa. In ka shigo da babbar riga da zanna da takalmi sau-ciki kana tsallaka rodi kana daka tsawa a yi sauri, ka riga ka kafa dokar wurin, duk abin da helma zai faɗa bayan ka tafi surutu ne.

TAMBAYA: Injiniya, ina gaisuwa. Ina da yara biyar da ke bina aiki. Biyu daga ciki ba sa fara aiki sai sun sha ƙwaya, kuma tsakani da Allah in sun sha sun fi kowa aiki. In na hana su za su koma wajen wani. Yaya zan yi? (Birkila, Tudun Jukun)

AMSA: Malam, ka kyauta da ka faɗi abin da kowa ya sani ake rufewa. Ƙwayar nan galibi tiramadol ce, maganin ciwo mai ƙarfi. Wadda hukumar NAFDAC ta amince da ita mai miligiram 50 da 100 ce, ita ma da takardar likita. Wadda ke yawo a aljihun yaranmu mai 200 ce da 225. Ba ta ƙara wa tsoka komai, jin ciwo da jin gajiya take kashewa. Gajiyar nan kuwa ita ke gaya wa mutum ya sauko ya huta kafin ƙafarsa ta yi masa gardama.

Abin da ya fi ba ni tsoro da ita jijjiga. Tana iya kayar da mutum irin na farfaɗiya, ba sallama, ko da bai taɓa yin farfaɗiya ba a rayuwarsa. In a ƙasa ne, ya tashi ya kakkaɓe jiki. In a kan sikafol ne fa, wato dandamalin da ake hawa a yi aiki a sama? Wanda ya faɗo daga mita 3 kacal, tsayin ɗaki ɗaya, yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa.

Dokarka ta zama ɗaya, kuma ka faɗe ta kowa ya ji: wanda ya sha ba ya hawa sama, ba ya taɓa injin yanka, ba ya shiga rami. Ya tsaya a ƙasa yana kwaɓa, a kuɗin mai kwaɓa. Sannan ka dubi kanka kaɗan. Bulo nawa kake so a miƙo maka a yini? Sun karya kafin su fara, ko da koko da ƙosai ne? Da yawa cikin yaran nan don su iya kai ƙarshen jinga suka fara sha, kafin abin ya kama su. Wanda ya yi nisa ba ya iya yankewa dare ɗaya, jikinsa zai ƙi. Ka sami iyayensa a kai shi wurin likita, a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. In kuma ya zaɓi ya koma wajen wani, ka bar shi ya tafi. Gara hakan da ka je gidansu da labari.

TAMBAYA: Ina gina gida a Hanwa, ɗana ke duba mini. An zuba dekin ranar Asabar. Kafinta ya ce Asabar mai zuwa zai kwance katako da gorar da ke ƙasa, yana da wani aiki da zai kai su. Ya ce kankaren ya bushe ƙarau, har ya buga da guduma na ji da kunnena. In bar shi? (Hajiya, Tudun Wada)

AMSA: Hajiya, Allah ya sa a shiga lafiya. Kada ki bar shi.

Bushewa daban, ƙarfi daban. Siminti ruwa yake sha a hankali yana ƙulluwa, shi ya sa ake shayar da dekin safe da yamma aƙalla mako guda. Ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi na kwana 28 ne. A kwana 7 bai wuce kashi biyu cikin uku ba, shi ma in kwaɓin ya yi kyau kuma an ba shi ruwa. Ga shi hunturu ya shigo: sanyin dare na rage saurin kamawa, iskar rana kuma na busar da saman, sai guduma ta ji tauri alhali cikin bai ƙosa ba. Kowane kubik mita na kankare ya kai kilo 2,400. Dekin gida madaidaici, mita 10 da 10, tan 36 ke nan a rataye a kan mutane. Wa ke ƙarƙashi lokacin da ake fizge gorar? Yaran kafintan.

Katakon gefen fila da gefen bim ana iya cirewa bayan kwana biyu. Gorar da ke tokare da dekin kuwa, ni a wurin aikina ba a taɓa ta sai bayan kwana 14, ta ƙarƙashin bim da falo mai faɗi sai kwana 21. In lokacin ya yi, cirewar ma da tsari: a fara daga tsakiyar ɗaki a nufo bango, baranda mai fitowa waje kuma a fara daga bakinta a dawo ciki. Kafin nan ki ce wa ɗanki kada a jibge bulo da yashi a kan sabon dekin da sunan ana sauƙaƙa wa birkila. Kafintan nan ba mugu ba ne, kayansa ne jarinsa, kowace rana suna zaune a gidanki asara yake gani. Ki biya shi hayar makonni biyu ya bar su, a wuce wurin.

Mu Zazzagawa bai kamata a koya mana wannan ba. Garin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim. Maginan ƙasa tun na da can, in sun jera tubali 'yan layuka sai su sauko su bar bango ya sha iska, ba sa ɗora sabo a kan ɗanye. Siminti ya zo muka ɗauka ya ɗauke mana jira.

Tambaya ɗaya da ba ki yi ba: wa ya yi lissafin rodin? In kafinta da birkila ne suka tsara da ido, ki nemo injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya duba kafin a kwance komai, ki kuma tabbata takardar amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, na hannunki. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ana cikin gina shi ne, kuma mutum sama da 40 da suka mutu galibinsu ma'aikata ne da suka fito neman abinci da safe.

TAMBAYA: Babbar wayar wuta ta bi ta gaban ginin da muke aiki a Dan Magaji, gab da inda za a fito da baranda. Oga ya ce ba komai tunda ba kullum ake kawo wuta ba. (Mai ɗaurin rodi, Gyallesu)

AMSA: Ɗana, ka tambayi oga ko kamfanin wuta na yi masa waya kafin su kawo. Wutar gida bolt 230 ce kuma tana kisa. Wadda ke kan waɗannan wayoyi 11,000 ce ko 33,000. Ba sai ka taɓa ta ba, in ƙarfe ya matso kusa tsalle take yi ta kama shi. Rodin da kake ɗagawa tsawonsa mita 12 ne, kai kana kallon inda za ka sa ƙafa, bakinsa yana can sama inda ba ka gani.

Ƙa'ida ta ce a bar mita 5.5 ta kowane gefe na irin wannan layi, ba gini ba rumfa. Manyan layukan nan masu hasumiyar ƙarfe kuwa mita 15 ne ko 25 ta kowane gefe, gwargwadon ƙarfinsu. In barandar ta shiga cikin wannan tazara, ba ma a kan daidai take ba tun a takarda. In ba ta shiga ba amma aikin na kusa, mai gini ya je ofishin kamfanin wuta a kashe layin a ranar da za a ɗaga rodi, a ga ma'aikacinsu ya tabbatar. A ɗauki rodi a kwance, mutum biyu, ba a miƙe ba. In kuma wuta ta kama wani a babban layi, kada kowa ya matsa, busasshen itace ba ya kare ka daga bolt 11,000. A nisanta, a kira a kashe.

Tunda muna kan wuta: wayar injin yanka da ake cusawa cikin soket tsirara a toshe da tsinken ashana, da gaɓar da aka naɗe da leda tana kwance cikin ruwan kwaɓi, su ma kisa suke yi. Filogi nawa yake?

TAMBAYA: Malam Injiniya, ina so a ƙara wa rijiyar gidana zurfi, a kuma haƙa sabon sokawe kusa da tsohon da ya cika. Masu haƙar sun ce za su zura injin jan ruwa cikin rijiyar don ya fi ja. Wani maƙwabci ya ce akwai haɗari, su kuma sun ce sun saba. (Malamin makaranta, Samaru)

AMSA: Malam, maƙwabcinka ya cece ka, ka kai masa goro. Injin fetur a cikin rijiya hukuncin kisa ne. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke shiga jini ta kore iskar numfashi. Ita ce dai ke kashe iyali a ɗaki in sun kwana da janareta. A cikin rami ba ta da inda za ta. Mutum zai ji kansa ya yi nauyi, ƙafa ta mutu, kafin ya ce a ja shi ya sulale. Injin ya tsaya a waje, nesa da bakin rijiya, salansa na kallon inda iska ke tafiya, tiyo kawai za a zura.

Tsofaffin masu haƙa na zura fitila kafin su shiga, in ta mutu su fasa. Dabara ce mai kyau amma rabi take gani. Tana nuna ƙarancin iskar numfashi, ba ta nuna gubar hayaƙin inji. Fitila na ci lafiya lau a inda mutum zai mutu. A sokawe kuwa kada ma a gwada ta, iskar da ke taruwa ciki na kamawa da wuta. Akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa take kashe jin warin kanta, sai mutum ya ce ai warin ya wuce alhali a lokacin ta fi haɗari. Tsohon sokawen nan kada kowa ya shiga, a kira motar kwasa. Sabon kuma a ja shi nesa da tsohon, kuma nesa sosai da rijiyar, don lafiyar ruwan da kuke sha.

Duk mai shiga rijiya ya shiga da igiya ɗaure a jikinsa, ban da wadda ake jan guga, mutum biyu ƙarfafa na sama riƙe da ita, ana magana da shi. In ya yi shiru a jawo shi. Kada wani ya dira ceto. Ka lura da labaran da ake ji a rediyo, da wuya a ce mutum ɗaya: ɗaya ya suma, wansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su.

Ramin sokawe in ya wuce mita 1.2, wato ya kai ƙirji, a tokare bangonsa da katako ko a buɗe bakinsa ya yi gangara, a kuma zuba ƙasar da aka tono nesa da baki. Kubik mita ɗaya na ƙasa ya kai tan ɗaya da rabi. Ba sai ta rufe kai ba, in ta danne ƙirji numfashi ya ƙare.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Mijina birkila ne. Wata biyu ke nan ya faɗo daga sikafol, katakon da ya taka ne ya karye. Abokan aikinsa suka ɗauke shi a keke suka kai shi wurin mai ɗori. Har yanzu ƙafafunsa ba sa motsi sosai. Mai ginin ya zo sau ɗaya ya ba da abin da ya ba da, ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Yaranmu huɗu. Muna da wani hakki? (Uwar yara, Jushi)

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu, sannu ƙwarai. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ikon jinya.

Kafin maganar hakki, a kai shi asibitin koyarwa na Shika cikin wannan makon a ɗauki hoton bayansa. Ƙafar da ba ta motsi bayan faɗuwa sau da yawa daga ƙashin baya matsalar take, kuma wannan ba aikin mai ɗori ba ne, duk da ban raina masu ɗori ba a inda suka iya. A daina ja, a daina murza. Kafin ku je, a riƙa juya masa kwanciya duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, ki kuma gaya wa likita in fitsari ko bayan gida na ba shi matsala.

Hakki kuwa kuna da shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da mai aikin yini da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin da yake biyan ma'aikata a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, ita kuma ta biya magani da diyya in an ji rauni. Ta ce mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7 da samun labari, kuma neman diyyar a shigar da shi cikin shekara ɗaya daga ranar haɗarin, don haka kada a zauna. Ba zan ɓoye miki ba, masu ƙananan gine-gine da yawa ba su taɓa zuba ko sisi ba. Rashin zubawar bai wanke su ba. Wanda ya ba mutum ruɓaɓɓen katako ya hau, kotu na iya kama shi da sakaci. In ginin ya wuce hawa biyu ma, tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta yi masa inshora yana kan gini, saboda irin wannan rana.

Ki sa wani namiji daga danginsa ya tattara komai: sunayen waɗanda ke wurin, wa ya ɗauke shi aiki, wa ya kafa sikafol ɗin, hoton wurin in har yana nan, takardun asibiti da kowane rasit. A fara da sulhu, a gaban mai unguwa da shugabannin ƙungiyar magina, don sau da yawa kunyar idon jama'a na yin abin da kotu za ta shekara ba ta yi ba. Duk abin da aka amince a rubuta a sa hannu, kuma kada ku sa hannu a kan cewa kun yafe komai kafin likita ya faɗi inda ciwon zai tsaya. In ya ƙi, akwai hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta gwamnatin tarayya, tana da ofis a Kaduna.

Maganar ƙaddara, ba mai musun ta. Amma ke da mijinki ya kamata ku faɗe ta don zuciya ta yi sanyi, ba wanda ya ƙi sayen katako ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da mutanensa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mai ginin nan ma yana da wata ƙaddarar a gabansa ranar, ta sayen katako mai kyau, bai zaɓe ta ba.

Ku kuma abokan aiki, na san don ƙauna kuka yi, amma ku ji. Wanda ya faɗo daga sama ba a cicciɓarsa hannu da ƙafa, ba a zaunar da shi, ba a naɗe shi a keke ko a bayan babur. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da wuyansa kada su motsa, a kawo ƙyaure ko faffaɗan katako, a mirgina shi a kai gaba ɗaya, a kai shi a kwance. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa. Wanda ya bugu a ka ya tashi ya ce lafiya lau, a sa masa ido. In ya fara amai ko barci mai nauyi ko sambatu, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

TAMBAYA: Siminti na cin ƙafata da hannuna, duk sun tsattsage. Wani ya ce in riƙa shafa baƙin mai. (Lebura, Muchiya)

AMSA: Kada ka shafa, baƙin mai na inji ne, wata cutar zai ƙara maka. Jiƙaƙƙen siminti ƙona fata yake yi a hankali, ba ka ji sai bayan awoyi, kuma ya fi ɓarna in ya shiga cikin takalmi ya zauna. Ka sa dogon takalmin roba daidai ƙafarka, ka saki wando a kansa kada ka cusa ciki. In kwaɓi ya shiga, cire nan take ka wanke da ruwa mai yawa, kada ka ce sai an tashi. Da yamma ka wanke da sabulu ka shafa man kaɗanya ko basilin. In ya fantsama a ido, a zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa na aƙalla minti 20 sannan a wuce asibiti. Tunda kuma ƙafar a tsage take kuma kana taka ƙusa, ka je asibitin unguwarku a yi maka allurar rigakafin sandarewar jiki.

Mai tambaya a kan ƙurar yankan tayil daga Kwangila: ƙyallen da kake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, kuma in ta zauna a huhu ba ta fita. Ka yanka da ruwa, a waje, da takunkumin ƙura na gaske, ka kuma mayar wa injin murfinsa da ka cire.